Gamba a Ƙofar Ɗakin Inna

Inna mai haɗa turare ce. A ƙauyenmu, can gefen Yekuwa, in aka ce gidan mai kajiji ba sai an ƙara kwatance ba, hanci ma zai kai baƙo. Jema da kajiji daga fadama ake kawo mata, farce da sandal da ƙaro kuwa fatake ke haurowa da su daga wajen Kano, a lokacin ƙasar Ingilishi muke ce wa can. Ta daka, ta tankaɗe, ta jiƙa, ta shanya a inuwa, ta ƙulla a tsumma. Da wuya a kai amarya ɗaki a karkararmu babu ƙullin Inna cikin kayanta. Ko tuwon gidanmu maƙwabta kan tsokane mu wai ƙamshin amare yake yi.

Baba kuma zana yake saƙawa. Manomi ne kamar kowa, gero da wake da gyaɗar nan da Nasara suka matsa a noma, amma da la'asar ta yi sai ya jawo damin gamba ƙofar ɗakin Inna, ya yayyafa masa ruwa, ya zauna. Ba mai yawan magana ba ne, ita ma haka. Tana daka daga ciki, shi kuma gamba na ta ƙara a hannunsa daga waje, shuu, shuu, in ya ja ya tusa. In ta gama sabon haɗi sai ta zuba kaɗan a kan garwashi, ta turo masa kaskon waje da ƙafa. Ya shaƙa ya ce, "Da saura," ko ya ce, "Ya yi." Iyakar hirar da na san suna yi a gaban mutane ke nan.

Ni ce ƴar farinsu. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi, yaran yanzu ne sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yarda a gane ta damu da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, wadda danga ɗaya ce ta raba gidanta da namu. Ita ta raine ni, ita ta aurar da ni Guci. In Inna na son in yi wani abu, bango take faɗa wa: "A ce wa waccan ta kau da tulun nan daga rana." Sai in tashi in kau da shi, ni ma ba na amsawa. Har na yi aure ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin ta rage ni da komai ba sai shekarar da Baba ya rasu.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi da bazara, ana sauran kaɗan ruwa ya sauka. Ƙannena maza ba wanda ke gida. Ɗaya an ɗauke shi soja, ɗayan ya tsallaka iyaka don kada a ɗauke shi, kuma yana tsoron dawowa gardi, dogaran Nasara, su damƙe shi. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya ce in je in zauna da Inna har ta fita takaba. Na ɗaure ƴan kayana na zo.

Na tarar Goggo ta riga ta kama ragamar gida. Ita sau biyu ta yi takaba, saboda haka ba wanda ke ja da ita a kan yadda ake yi. Mai takaba ba kitso, ba kwalli, ba lalle, ba turare, wannan kowa ya sani. Amma Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta kwashe ƙulle-ƙullen Inna duka, da ɗan turminta da kaskonta da rariya, ta kai gidanta ta rufe. Ta sa aka wanke tabarmi aka shanya, aka shafe daɓen ɗakin da sabuwar ƙasa domin tsohon ya sha turare. Akwai wani gindin lalle a tsakar gida, shi ma ta sa gatari aka sare. Goggo ba muguwa ba ce, ni shaida ce, a bayanta na girma. Tsoron Allah ne da tsoron bakin mutane suka haɗe mata, kuma har yau ban tabbata wanne ya fi ƙarfi ba. Ran da ta gama, gidanmu ya koma warin akuya da hayaƙin kara, kamar gidan kowa.

Inna ba ta hana ta ba. Ba ta yi kuka ba ran jana'iza, ba ta yi ba da aka kwashe kayanta. Ta shiga ɗaki, aka sauke asabari, ta zauna ta fuskanci bango. Ni ke tuƙa tuwo, in zuba a akushi in tura ƙofa, in koma in ɗauko. Da fari nakan ga ramin loma a gefen tuwon. Daga baya sai akushin ya riƙa dawowa yadda na kai shi, saman tuwon sumul, miya ta daskare. Fura ma sai ta kurɓa ta ajiye. Goggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta jawo Allah da Annabi, Inna ta ce ta ƙoshi. In ta fito kewayawa sai ta dafa bango, zanen da ke zagaye ta sau ɗaya ya koma yana neman zagaye ta sau biyu.

Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa daga Sassumbrum ce ta faɗi abin da kowa ke gani. Tana neman takalminta a bakin zaure ta ce wa abokiyar tafiyarta, "Irin waɗannan ba sa kai ƙarshen takaba, bin mijin suke yi." Ba ta san ina bayan rumbu ba. Na kuwa san ba ƙarya ta yi ba.

Da ƴar auta ce ni, da na faɗa jikinta na yi kuka na ce Inna ki ci ko don ni. Ni kuwa bakina bai san wannan hanyar ba. Na sha zuwa ƙofar ɗakin da magana a shirye, in tsuguna, in ɗauki akushi in koma da maganata. Na ji haushin kaina, na ji haushin Goggo, na ji haushin duk wanda ya fara wannan al'ada, amma haushi bai sa ta ci loma ɗaya ba.

Ana nan ruwan fari ya sauka da hantsi. Bai yi yawa ba, ya dai kwantar da ƙura, ƙasa ta saki wannan ƙamshi nata. Ina kwashe itace daga tsakar gida sai na ga gefen asabarin ya ɗaga. Fuskarta kawai na gani, ido a rufe, tana jan numfashi a hankali yadda takan yi in tana gwada sabon haɗi. Na yi kamar ban gani ba. Ran nan da na je ɗauko ƙwaryar fura na ji ta fi kullum rashin nauyi. A nan na gane cewa matar da ta yi rayuwarta duka da hanci, an toshe mata hanci an ce ta ci abinci. Turare dai ba dama, na ce to bari in shuka.

A wajenmu ba a shuka abu a cikin gida sai wanda zai shiga tukunya, kuɓewa ko kabewa ko duma. Wanda ya shuka ciyawa don ya shinshina, sai a fara tambaya ko lafiya. Saboda haka ban shawarci kowa ba, kuma abin ya nuna. Na ce tunda jema da kajiji su ne abokan aikinta, da su zan fara. Na gangara fadama da ƴar fartanya, na tono su da ƙasarsu, na ɗoro a kai. Akwai wani ɗan'uwan mai gidana da ke ban ruwa a lambun gidan kumandan, Baturen mulki, a Magarya, na aika masa in roƙi irin abin da matar kumandan ke shukawa, tunda an ce gidan cike yake da furanni. Ya aiko mini da reshe a fasasshiyar tukunya, fure ja wur, sirara kamar takarda, ga ƙaya. Na kai hanci, na sake kaiwa, babu komai. Ashe su don ido suke shuka nasu. Akuyarmu ce ta ci ribarsa.

Sauran na samo su a hanyar rijiya. Ɗoɗɗoya ta fara tsirowa a bakin juji, na ciro ƙanana. Nobe kuma na tono a jigawa, wata ciyawa ce mai siririn ganye da ake dafa wa mai jego, in ka murza ta sai ta bar maka ƙamshi a hannu har yamma. Duk na kai su bayan ɗakin Inna, ta gabas, na dasa. Dalilina biyu ne: nan ruwan wanka ke gangarawa, kuma nan idon Goggo ba ya kaiwa. Na kewaye su da ƙayar aduwa saboda awaki. In ruwa ya ɗauke na kwana biyu sai in ƙara tulu ɗaya a kan na gida, kuma rijiyarmu ba ta wasa ba ce, kafin guga ya iso sama hannu ya gaya maka.

Suka kama, suka yi kore shar. Jema ta miƙe, kajiji ya yi toho, ɗoɗɗoya ta buɗe. Ina ta jira in ga akushi ya canja, bai canja ba. Sai wata rana maƙwabciyarmu ta gabas ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ke ƴar nan, me kuke dafawa ne haka? Tun da damina ta kama, da yamma ta yi sai mu ji ƙamshi ya cika mana gida. Mai gidana har ya bar zuwa dandali." Nan na gane kuskurena. Da damina iska daga yamma take zuwa, ko ta ɗan karkata gusum, hadari ne kaɗai ke tasowa daga gabas, shi ya sa ma ƙofofinmu ke kallon yamma. Yaron da ke kiwon awaki ya san wannan, ni ma na sani, ban dai haɗa shi da aikina ba. Duk wahalar da na sha, maƙwabta na yi wa, da jakinsu da ke ɗaure a gindin dangar.

Ba yadda zan yi sai in dawo da su gaban ɗaki, inda kowa zai gani. Na jira aka yi ruwa mai kyau, na tono su ɗaya bayan ɗaya. Ɗoɗɗoya na jera ta a bakin hanyar da ake bi zuwa murhu, domin na lura ita ba ta bayarwa sai an taɓa ta, in zane ya goge ta. Nobe na sa shi inda rana ke bugawa, shi zafi ne ke tayar da shi, ko yayyafi. Jema da kajiji na sa su dab da ƙofa, wurin manyan baƙi, ina mamakin yadda har yanzu ban ji sun yi komai ba. Ina cikin haka Goggo ta shigo.

"Mene ne wannan?"

"Ciyawa ce, Goggo."

"Na ga ciyawa ce, ban makance ba. Na fitar da turare ta ƙofa, ke kuma za ki shigo da shi ta kan danga? So kike a ce matar ƙanena ta yi takaba cikin ƙamshi kamar amarya?"

Na ce ba ta shafa ba, ba ta turara ba. Ta ce ni har na yi girman da zan koya mata takaba, ita da ta share mini majina. Ta wanke ni tas, na sunkuyar da kai, amma ban tumɓuke ko ɗaya ba. Da ta ga na kafe sai ta ce a kira Kawu, ƙanen Inna, ya je ya tambayo liman. Kawu ya je ya dawo, ya tsuguna a bakin zaure yana danne dariya.

"Malam ya ce abin da aka hana mai takaba shi ne ta shafa a jiki ko ta turara tufa. Abin da iska ta kawo kuwa, ya ce shi bai san yadda ake hana iska ba."

Goggo ta ce, "To shi ke nan, tunda malam ma ya zama naku." Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, amma na lura in za ta wuce murhu ba ta kauce wa ɗoɗɗoyar.

A wannan tsakanin ne na kawo gamba, kuma ba don ƙamshi ba, gamba ba shi da shi. Wani hadari ya kayar da zanar da ta tare ƙofar Inna daga zaure, ya zama duk namijin da ya shigo gaisuwa zai hango ɗakin. Goggo ta ce to asabari ba zai ƙara ɗagawa ba. Mai saƙa mana zana ya tafi, kuma da damina ba wanda zai bar noma ya zauna saƙa, ko da akwai busasshen gamba, balle babu. Sai na tuna da wanda Baba ya jera a iyakar gonarsa, wanda yake yanka duk kaka. Na je na fasa gindin, na kwaso, na dasa a jere inda zanar take. Tunanina bai wuce in ya tashi ya yi mata sutura ba.

Aka ɗan samu sauƙi. Gamba ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, asabarin ya fara kwana a naɗe rabi. Nakan ƙirƙiri aike zuwa murhu don kawai zanena ya goge ɗoɗɗoya. Ramin loma ya dawo gefen tuwo. Ba ci ne na kirki ba, har yanzu sai ta dafa bango, amma na fara barci.

Gero na fitar da kai, gamba ya yi kara, ya wuce tsayin mutum, ganyen ƙasa ya fara bushewa. Wata la'asar ina tsince wake a tsakar gida, iskar yamma ta taso ta shiga cikinsa. Shuu, shuu, ya ɗan tsaya, ya sake. Wallahi sai da na juya zan ce, "Sannu da aiki, Baba." A daidai inda yake zama na dasa shi, ban kuwa lura ba. Kafin in dawo cikin hankalina sai na ji ana jan abu a ƙasa daga cikin ɗaki. Na duba, na ga ƙafar Inna ta turo murfin akushi waje, a hankali, har ya tsallake bakin ƙofa, yadda take turo kasko. Ƙafar ta tsaya nan tana jira. Sannan ta janye, sannan kukan ya zo.

Ban taɓa jin kukan Inna ba sai ranar. Ba mai ƙara ba ne, amma bai tsaya ba. Na zauna da faifan wake a cinya, ba ni da ikon shiga, ba ni da ikon tashi. Asabari ya sauka har ƙasa. Washegari akushi ya dawo ba a ko buɗe shi ba, fura ma haka, jibi ma haka. Kullum la'asar iska ta taso, gamba ya kama aikinsa, mu ji ta daga ciki.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba wannan karon, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Kin gani ko, ƴata? Abin da ya sa ake kwashe komai ke nan. Ba mugunta ba ce. So ake zuciya ta manta hanya." Ta ce ita da mijinta na fari ya rasu, sai da aka sayar da jakinsa, domin in jakin ya yi kuka sai ta tashi ɗora ruwa, a zatonta mijin ya dawo. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na ce mata gobe zan yanke. Na yarda a raina cewa na zo gyara na ƙarasa ɓatawa, kuma in Inna ta bi Baba, da hannuna a ciki.

Ni da kaina na ɗauko laujen Baba daga rataye. Da la'asar ne, domin da safe na je gona. Goggo ta tattaro gindin farko ta riƙe mini, na sunkuya na sa lauje. Sai muka ji asabari ya motsa.

Ta fito tana dafe da bakin ƙofa, ido a kumbure, kai ba ɗankwalin kirki. Ba ta dube ni ba. Ta dubi Goggo ta ce, "Yaya, a bar shi."

"Shi ke sa ki kuka."

"Na sani. A bar shi."

Goggo ta saki gamban, ya koma ya miƙe. Inna ta lallaɓa ta zauna a bakin ƙofa, ta jingina, ta daɗe tana sauraro, hawaye na zuba ba ta share ba. Ni dai ina tsugune da lauje a hannu, ban san inda zan sa kaina ba. Da iskar ta lafa sai ta fara bin shuke-shukena da kallo, ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da take yi wa kayan fatake in za ta taya. Ta kai kan jema da kajiji ta tsaya.

"Wa ya dasa jema a bakin ƙofa yana jiran ganye ya yi ƙamshi?" Da gamban take magana. "Jema da kajiji a ƙasa suke ajiye abinsu, sai an tono. A ce mutum ya tashi a gidan turare bai san saiwa da ganye ba."

Goggo ta ce, "A gidana ta tashi, ni kuwa daddawa nake yi."

"Ya nuna," in ji Inna. Ta ci gaba. Wai ɗoɗɗoya ta yi yawa, ta danne nobe, kuma an bar ta ta yi fure, ba a tsinke kan ba, shi ya sa ƙamshin ya yi ɗaci. Wai nobe a tudu ya kamata a sa shi, ruwa ya yi masa yawa. Ba abin da na yi daidai, in ban da ƙayar awaki. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Da ta gaji sai ta ce wa bango, "In akwai sauran fura a gidan nan, a dama da ruwa-ruwa." Na tashi da sauri har na yar da laujen. Ta shanye a nan bakin ƙofa, a hankali, ta kife ƙwaryar.

Daga ranar kullum la'asar a waje take yi. Wata rana ta yi kuka, wata rana ba ta yi ba, amma ko ta yi, in ta gama takan ci. Ita ta riƙa tsinke kan ɗoɗɗoya da farce, tana goge hannu da ƙasa don kada Goggo ta ce ta shafa. Ta sa aka ce wa waccan ta tara wa nobe ƙasa a gindi, waccan ta tara. Mutane suka yi ta magana, wai gidan mai kajiji an shuka daji a tsakar gida, sai macizai sun kore su. Maciji dai bai zo ba, sai kaji da suka mai da gindin gamban wurin ƙwai.

An fara yankan gero ta fita takaba. Aka yi sadaka, aka yi mata kitso, ta sa wankakken zane. Goggo da kanta ta ɗauko turmi da kasko da rariya ta dawo da su, ta ce ga kayanki, sun ishe ni da ƙamshi. Ƙulle-ƙullen kuwa duk ta rabar wa amaren da aka yi a tsakani, sandal ma babu, fatake ba su hauro ba. Inna ta ce ba komai. Ta ɗauki fartanya ta tone jemar nan da kajijin da ta yi wa tsiya, ta karkaɗe ƙasar, ta wanke, ta shanya a inuwa. Da suka fara bushewa sai gidanmu ya dawo gidanmu. Gamban kuwa ta hana a yanka sai da ya bushe sarai, sannan ma ta ce a bar gindi biyu a tsaye.

Ana gobe zan koma Guci, na gama ɗaure kayana, na zauna a inuwar gamban ina gyaran igiyar tulu. Goggo ta tafi gidanta, Kawu yana gona. Ina jin Inna tana daka daga ciki, ta tsaya, ta tankaɗe, ta sake dakawa. Can sai na ji ana jan abu a ƙasa. Kasko ne, da garwashi, hayaƙi na tashi siriri. Ƙafarta ta turo shi har ya tsallake bakin ƙofa, ya tsaya kusa da gwiwata.

Na rasa abin yi. Na sunkuya na shaƙa. Jema ta fito sosai, akwai ɗan ƙaron da ta samo wajen maƙwabta, amma wani abu bai zauna ba. Na so in ce ya yi, don a rabu lafiya. Sai na ga ba a yi wa Inna ƙarya a kan turare.

Na ce, "Da saura."

Daga ciki ta ce, "Me kika ji ya rage?"

Na waiga in ga da wa take, babu kowa a tsakar gidan sai ni. Na ce mata kajiji ne ya yi kaɗan. Ta ja kaskon ciki, na ji ta koma daka.